Faifai na Uku da Kotson Arzika

Waɗanda suka ce abin ba zai yiwu ba suna da yawa, kuma ba mutanen banza ba ne. Shugabana na wurin aiki ya ce bai taɓa jin inda aka kafa farin ƙyalle a bainar jama'a aka nuna soja yana zaluntar talakawa ba, alhali soja ne ke riƙe da ƙasa. Kawunku Alhaji Sidi, wanda da hannunsa ya ɗauko mini fim ɗin daga Birnin Ƙwanni, ya ce shi ɗaukowa ya yi, nunawa kuwa babu ruwansa, kuma in aka tambaye shi zai ce bai san ni ba sai a gidan suna. Abokan hirarmu na ƙofar masallaci suka ce ko an bar ni na nuna, mutanen Illela ba za su zauna sa'a biyu suna kallon tarihin wata ƙasa da ba su san inda take ba. Na rubuta wannan babi ne dominku, 'ya'yana da jikokina, saboda na ji labarin ya sauya kama a bakin mutane. Wasu suna cewa ni na ɗauko makaɗi ya wasa azzalumi a gaban dubban jama'a, wasu kuma suna cewa na kwana uku a tsare a hannun soja. Maganar farko akwai rabin gaskiya a cikinta, ta biyu kuwa babu ko ƙwaya ɗaya.

Aikina a wancan lokaci shi ne fassarar majigi. Ku da kuka tashi da talabijin a ɗaki ba za ku san darajar wannan aiki ba, don haka bari in bayyana. Muna da mota guda, da janareta, da injin haska hoto, da farin ƙyalle da ake ɗaurewa tsakanin sanduna biyu. Ɗanjuma, abokin aikina na shekara goma sha wani abu, shi ke tuƙi kuma shi ke juya inji. Ni kuwa nakan tsaya gefen ƙyallen da makirfo a hannu, in mayar da abin da ake faɗa a fim zuwa Hausa, in bayyana wa jama'a abin da idonsu ke gani. Mun kai wa mutanen Lafani da Araba da ƙauyukan da ke bayansu fim ɗin takin zamani, da na rigakafin ƙyanda, da na tsabtar rijiya. Na yi karatu a zamanin da malami ke mayar da yaro ya sake shafi guda saboda wasali ɗaya da ya karkace, kuma da wannan horo nake tsayawa gaban mutane. Ban taɓa sakin kalmar da ban auna ba, kuma an san ni da haka.

A shekarar da aka buɗe iyaka bayan ta daɗe a rufe, garin nan ya zama kamar majinyacin da ya samu sauƙi. 'Yan canji suka dawo da teburansu, babura suka koma kaiwa da komowa, dangin da suka yi shekara biyu suna gaisawa ta bakin 'yan fasa-ƙwauri suka ga juna ido da ido. A cikin wannan murna ne kawunku ya matsa mini in raka shi Ƙwanni, ƙetaren iyaka, bayan mun gama abin da ya kai mu ya ja ni wani gidan silima marar rufi na wani amininsa. Fim ɗin da aka nuna tarihin wani soja ne na wata ƙasar Afirka mai nisa da mu, wanda ya ƙwace mulki, mutane suka yi masa tafi, daga baya ya juya ya cinye su. Da Faransanci ake magana a ciki, kawunku yana raɗa mini ma'ana da tasa Hausar ta 'yan kasuwa, amma ko da bai ce komai ba da na fahimta. Abin da ya fi kama ni shi ne kiɗan. Akwai jita masu saƙa sauti kamar masaƙi yana wurga ƙoshiya, akwai ganguna masu zurfin murya, akwai wani ɗan akwati mai haƙoran ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu yana zubar da sauti kamar ɗigon ruwa a randa, sannan muryoyin mata suna hawa kan juna. Ban san ko kalma ɗaya ta harshensu ba, amma na ji abin da suke kuka a kai. Na fito daga wurin nan na san sai mutanen garina sun ga wannan fim, sun kuma ji wannan kiɗa.

Mai gidan silimar ya yarda ya ara mana na mako guda, naɗe a faifai huɗu cikin gwangwanayen ƙarfe. Ranar da suka shigo gida na ajiye su ƙarƙashin gado, amma mahaifiyarku, Hajiya Ige, ba a ɓoye mata abu a ɗakin da take shara. Ta same ni ina cin tuwo a tsakar gida, kakarku Inna tana zaune kan tabarmarta kusa da rumbu, idonta ya riga ya yi rauni a lokacin.

"Malam, shekara biyu tar rage maka ka aje aiki da mutuncinka," in ji mahaifiyarku. "Mi kaka nema ga hoton wani ƙato da ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa ku ba?"

"So nike mutane su gani."

"Su gani su yi mi? Su tahi su tuɓe shi?"

"An riga an tuɓe shi, Ige."

"To ashe aiki ya ƙare. Ci tuwonka."

Na yi mata bayani mai tsawo a kan amfanin tarihi, irin bayanin da nake alfahari da shi, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce in aka kai ni Sakkwato a bayan mota, ita ba ta san hanyar bariki ba, sai dai tarihin ya kai mini abinci. Muna cikin haka Inna ta ɗaga kai daga inda take.

"Akwai kiɗi ciki?"

"Akwai, Inna. Irin wanda ba ki taɓa ji ba."

"To ku kai ni. In soja sunka zo su hwara da ni."

Shugabana ya ce in har babban sojan da ke kula da yankin iyaka ya yarda, shi bai ga komai ba, bai ji komai ba. Saboda haka na sa babbar rigata ta Juma'a na tafi wurin Kyaftin. Matashi ne dogo, ba ɗan ƙasar Hausa ba, amma ya iya Hausar bariki, yana da taurari a kafaɗa da wata 'yar sanda da ba ta rabuwa da hammatarsa. Ban yi masa ƙarya ba. Na ce fim ne na wani shugaba soja da ya zalunci mutanensa har Allah Ya kawar da shi. Ya dube ni ya ce:

"Malam, zan zo, kuma a gaba zan zauna. Ka nuna abinka. Amma idan na ji kalma ɗaya da ta taɓa kaki, ba motarka za ka shiga ba, tawa za ka shiga, kuma sai Sakkwato za ta tsaya. Aikinka kuma ka manta da shi. Ka gane?"

Na ce na gane. Na fito ina jin nauyin abin da na ɗauka, amma ban firgita ba, domin na dogara da harshena. Na tsara yadda zan fassara fim ɗin daga farko har ƙarshe ba tare da na furta kalmar soja ba. Zan ce mutumin nan, zan ce yaransa, zan ce masu bindiga. Abin da ban tsara ba shi ne abin da ya faru ana saura kwana biyu, sa'ad da Ɗanjuma ya gwada injin ya tarar ɗan ƙaramin ƙwan da ke fitar da sautin fim ya ƙone. Hoto yana fita sarai, makirfo yana aiki, amma fim ɗin ya zama bebe. Aka nema a Ƙwanni babu, aika wa Sakkwato kuma sai an rubuta takarda an jira. Maganar Faransanci ba ta dame ni ba tunda dama ni zan maye gurbinta. Kiɗan nan da na yi wa Inna alkawari, wanda saboda shi na ɗauki rabin wannan kasada, shi ne ya tafi.

A nan ne na yi kuskuren da har yau ake ba da labarinsa. Na hau babur na tafi Araba wurin Arzika mai kotso. Kotso, ga waɗanda ba su taɓa gani ba a cikinku, ganga ce mai baki ɗaya da ake ratayawa a kaɗa da hannu, kuma ba a kaɗa ta sai don masu sarauta. Arzika ya gaji kiɗan daga mahaifinsa, ya yi wa hakimai da dagatai, a lokacin kuma ya tsufa, yana noma 'yar gonarsa, ba a kiransa sai jefi-jefi. Na same shi a inuwar bedi, wato dogon yaro, tare da mutane da dama, kuma saboda ba na son magana ta riga ni isa gari, na taƙaita bayani.

"Wane irin mutum na za a nuna?" ya tambaye ni.

"Babban shugaba na, ya mulki ƙasa guda shekaru da yawa."

"Ɗan wa na?"

"Ba a hwaɗi ba cikin fim."

"Mai mulki babu uba? To, Allah shi kyauta. Mu dai mu zo."

"Kai dai ka bi hoto, Arzika. In ka ga murna ka yi na murna, in ka ga baƙin ciki ka sassauta hannu."

Ya ce ya ji. Ni a zatona na samo abin da zai maye gurbin ƙwan da ya ƙone, wato sauti mai tashi da sauka yadda nake so. Na manta, ni da aka haifa a ƙasar nan, cewa makaɗin kotso aiki ɗaya ya sani. In ya ga babban mutum ya fito, hannunsa ba ya jiran izini.

Ranar kasuwa muka zaɓa, domin a samu baƙi. Bayan sallar isha'i muka kafa ƙyalle a filin da ke bayan tashar mota, kuma jama'ar da ta taru ban taɓa ganin irinta a majigi ba. Fulanin da suka sayar da shanu suka fasa komawa ruga, mutanen Lafani suka ɗaure jakunansu a bakin fili, 'yan ƙetare suka jingine babura, 'yan canji suka naɗe jakunkunansu suka zauna a kai. Mata suna gefe guda, Inna a gabansu kan tabarma, mahaifiyarku a bayanta, wadda ta ce ta zo ne kawai don ta ga motar da za a sa ni. Kyaftin ya zauna kan kujera a sahun farko da sojoji biyu a tsaye bayansa. Arzika da 'yan amshinsa uku suka tsuguna kusa da ƙyallen, hannun hagu, ni ina hannun dama.

Farkon fim ɗin ya tafi yadda na so. Ana nuna duwatsu da koguna da kasuwannin ƙasar, Arzika yana taɓa kotso a hankali, ni ina bayani. Sai aka zo inda mutumin ya ƙwace mulki, ya fito tsaye a buɗaɗɗiyar mota, ƙato, ƙirjinsa cike da lambobi, yana ɗaga hannu jama'a suna bin motar da gudu. Ban ankara ba sai na ji kotso ya canza murya. Arzika ya miƙe tsaye, ya gyara rataya, ya buɗe maƙogwaron da ya yi shekaru yana jiran irin wannan rana.

"Ga mai ƙasa ya hito! Dutsin da ba a kewaye shi da yini guda! Kowaj ja da kai shi kwan da ciwon wuya!"

'Yan amshi suka karɓa, mata suka rangaɗa guɗa, fili ya ɗauka. Na ɗaga murya ina cewa jama'a a yi hankali, a jira a ga ƙarshe, amma ko ni ban ji kaina ba. Duk inda mutumin ya bayyana, ko yana rawa da mata, ko yana duba fareti, ko yana dariya da baƙi, Arzika yana bin sa da sabon kirari, kuma wallahi kiɗan ya yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na ga dattawa suna gyaɗa kai. Na ga wani ɗan canji ya tashi ya manna wa Arzika takardar sefa, kuɗin ƙetare, a goshi. Kyaftin yana murmushi yana buga 'yar sandarsa a gwiwa daidai da kiɗan. Haka muka cinye faifai na ɗaya da na biyu, mutanen Illela suna yi wa azzalumi biki, kuma ni na tara su.

Da faifai na biyu ya ƙare, fili ya yi duhu ana jiran canji, Ɗanjuma ya jawo hannun rigata.

"Malam, Allah ya ba mu mahita. Nan mutumin fim shina bisa kujerar mulki, kowa na murna, Kyaftin na murna. Ka ce fim ya ƙare, mu naɗe kayanmu mu tahi gida lahiya."

Gaskiya ya faɗa, kuma ina so ku sani cewa na yi tunanin karɓa. Da na ce fim ya ƙare, da na kwana a gadona ba tare da fargaba ba, da na ƙarasa shekaruna biyu da makirfo a hannu, wataƙila ma da takardar yabo. Amma da mutum dubu sun koma gidajensu, wasu har ƙetaren iyaka, da sunan wannan mutum a matsayin gwarzo, kuma daga bakina da kotson Arzika suka samo shi. Shekara talatin ina gaya wa mutane gaskiyar abin da ke kan ƙyalle, ko da maganar masai ce. Na dubi gwangwani na uku a hannun Ɗanjuma na ce masa ya ɗora. Ya ce in sake tunani. Na ce ya ɗora.

Faifai na uku ya buɗe da manyan motoci suna tsayawa ƙofar wata makaranta, ana fito da malamai ana tura su ciki da gindin bindiga. Arzika ya ci gaba da kiɗa na ɗan lokaci, yana zaton masu laifi ne ake kamawa. Na sa bakina a makirfo na faɗi abin da ke faruwa, a hankali, kalma bayan kalma. Na ce waɗannan malamai ne, laifinsu sun ƙi rataya hotonsa a aji. Aka nuna wani tsohon alƙali an janye shi daga kujerarsa a gaban masu ƙara, na ce wannan ba a sake ganinsa ba. Aka nuna ana fasa kantuna ana raba wa yaran mutumin, masu kantunan suna tsaye da 'ya'yansu a titi, sai na ji wani gunaguni ya taso daga wajen 'yan kasuwa, domin wannan sun gane shi ba sai an fassara ba. Hannun Arzika ya fara sanyi. 'Yan amshi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Da aka nuna mutumin yana cin nama yana dariya, a bayan tagarsa kuma ana jan gawa, kotso ya tsaya cak, babu abin da ake ji sai ƙarar janareta.

Arzika ya ratsa ta gaban ƙyallen, inuwarsa ta rufe fuskar azzalumin, ya zo ya tsaya gabana. Ya cire takardar sefar da aka manna masa ya yar a ƙasa. Makirfo yana buɗe, don haka kowa ya ji.

"Malam, ka ɓata ni. Ubana bai wasa mutumin banza ba, ni ban wasa ba, sai yau da hurhurata, gaban Illela da Ƙwanni. Don mi ba ka hwaɗa mani ba?"

Ya karɓe makirfon daga hannuna, abin da ba wanda ya taɓa yi mini, ya juya ga jama'a. Makaɗi ba ya iya janye yabon da ya riga ya fita, hanya ɗaya gare shi ta wanke bakinsa, ita ce zambo. Kuma ƙa'idar zambo, kamar yadda kowa a filin nan ya sani, ba a kiran suna. Siffa ake yi, a bar mai ido ya nemo mai ita.

"Wani mai hula karkace, tauraro bisa kahwaɗa, tsoro cikin ciki! Wani mai sanda ga hammata, ba ta kora akuya ba sai bayin Allah!"

Shi azzalumin kan ƙyalle yake nufi, na rantse da haka, domin mutumin yana da hula da taurari da sanda. Amma a duk faɗin filin nan mutum ɗaya ne mai rai da ke da waɗannan abubuwa uku, kuma yana zaune a sahun farko. Na ga kawuna suna juyawa. Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Kyaftin ya daina murmushi, ya miƙe tsaye a hankali, sojojin da ke bayansa suka gyara riƙon bindigoginsu. Ɗanjuma ya kai hannu zai kashe inji, na daka masa tsawa ya bari. Ni kaɗai a wurin nan, sai kawunku da ya riga ya sulale bayan wata mota, na san abin da ke tafe a cikin faifan. Na karɓe makirfona daga hannun Arzika, na taka har gaban Kyaftin, na yi magana yadda kowa zai ji.

"Ranka shi daɗe, ina roƙon minti biyar. Motarka tana nan, ni ma ina nan, ba inda za ni. Ka dubi ƙyallen nan minti biyar, sannan ka yi abin da kag ga dama."

Bai zauna ba. Ya juya fuskarsa ga ƙyallen. Abin da ya fito shi ne mata, ɗaruruwa, sun taru ƙofar gidan yari da ƙwaryar abinci suna tambayar mazajensu. Aka jera masu bindiga a gabansu, a ƙarƙashin wani matashin hafsa. Umarni ya zo masa ta waya cewa ya buɗe wuta. A nan na karya tsarin da na yi wa kaina, na furta kalmar da na yi niyyar kauce wa. Na ce jama'a, wannan soja ne. Na ce an ce ya harbe iyayensa mata, ku dubi abin da zai yi. Hafsan ya ajiye wayar, ya juya ga yaransa, ya sa suka sauke bindigogi ƙasa, ya tsaya tsakaninsu da matan har matan suka watse. Hoto na gaba, shi ne ɗaure a jikin turke da asuba. Na juya ga Arzika na ce:

"Ka ce na sa ka wasa mutumin banza, kuma gaskiyarka. To ga na kirki nan, ya mutu babu wanda yat taɓa wasa shi."

Arzika ya dubi ƙyallen, ya dubi kotsonsa. Sannan ya fara wani kiɗa mai nauyi, a hankali, wanda daga baya ya gaya mini ba a yinsa sai ranar da basarake ya rasu, kuma sau biyu kacal ya taɓa kaɗa shi. Bai yi kirari mai yawa ba. Ya kira shi ɗan halas, ya kira shi garkuwar mata, ya ce uwar da ta haife shi ta haifi namiji. 'Yan amshi suka shigo ƙasa-ƙasa, sai muryar Inna ta taso daga gefen mata tana karɓa musu, tsohuwar da ba ta ganin ƙyallen, sauran mata suka bi ta. Na ji jita da ganguna na fim ɗin nan a Ƙwanni, kuma na yaba su har yau, amma abin da na ji a filin bayan tasha ya fi su. Kyaftin yana tsaye. Na ga ya zare sandar daga hammatarsa ya miƙa wa sojan da ke bayansa, ya haɗa ƙafafunsa, ya tsaya ƙyam har faifan ya ƙare, farin haske ya cika ƙyalle. Ya koma kujerarsa ya zauna, ya dubi Ɗanjuma.

"Sa na huɗun."

Faifai na huɗu faɗuwar azzalumin ce, yadda yaransa suka watse, ya tsere a jirgi da akwatuna. Arzika ya koma zambonsa da ƙarfi, a wannan karon babu mai shakkar wanda ake nufi, fili duka yana amshi, har na ga kafaɗun Kyaftin suna motsi da dariya sa'ad da aka ce mai lambobin ya manta takalminsa ɗaya a fada. Da aka tashi, muna naɗe ƙyalle, ya aiko aka kira ni gefen motarsa.

"Malam, ka yi ganganci."

"Na yi, ranka shi daɗe."

"Yaron nan da ya ƙi harbi, da gaske an yi shi, ko masu fim ne suka ƙirƙira?"

"Ban sani ba. Ina fatan an yi shi."

"Ni ma," in ji shi, ya shiga motarsa ya tafi, ni kuma na shiga tamu.

Ba zan ce muku abin ya wuce a banza ba. Labari ya isa Sakkwato ta wani bakin da har yau ban san na wane ne ba, aka aiko mini da takardar tuhuma, kuma da ba don wasiƙar da Kyaftin ya rubuta ba tare da na roƙe shi ba, da an kore ni. Abin da aka yi shi ne aka raba ni da motar majigi, aka mayar da ni ɗakin ajiyar fayil, a can na ƙarasa shekaruna biyu ina kaɗe ƙura, ban sake riƙe makirfo a bakin aiki ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna a gida. Mahaifiyarku, wadda na zaci za ta yi mini gori, ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta riƙa ba maƙwabta labarin minti biyar ɗin nan tana ƙara masa gishiri. Arzika kuwa ya ci gaba da gaisawa da ni, amma har ya rasu yana cewa alhakin faifai biyun farko yana wuyana. Na karɓa, domin nawa ne, kuma ina so ku ma ku san shi ba shi da laifi a ciki.

Takardun aikina suna cikin akwatin ƙarfe, a can za ku ga ranar da aka ɗauke ni da ranar da na ajiye, ba sai na maimaita su a nan ba. Rana ɗaya ce ba ta cikin kowace takarda, ita nake so ku rubuta a bangon littafin nan da hannunku, ku kuma gaya wa 'ya'yanku. Ita ce ranar da na ce wa Ɗanjuma ya ɗora faifai na uku: Lahadi, ranar kasuwar Illela, ta farko bayan an gama yankan gero, a shekarar da aka buɗe iyaka.